Aikin yanar ido: ana ƙirga idanun da aka yi wa tiyata, wa ke ƙirga waɗanda suka koma gani?

Ranar 30 ga watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da cutar makantar kogi, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta kai ga haka. Kafin nan Ghana ta rabu da tirakoma a 2018, wato ciwon idon nan da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar har ta dushe. Togo ta biyo baya a 2022, Benin da Mali kuma a 2023. Shekaru hamsin da suka wuce, waɗannan cututtuka biyu su ne ke cika ƙauyukan bakin kogi da na Sahel da dattawa masu sanda, yaro na gaba yana ja. Ƙarfinsu ya karye a mafi yawan yankin.

Sai dai makafi ba su ƙare ba. Abin da ya rage, kuma yake ƙaruwa, shi ne makantar da tsufa ke kawowa: yanar ido, hawan jinin ido, lalacewar bayan ido da ciwon sukari ke jawowa, da tsufan tsakiyar gani. Waɗannan ba a korar su da ƙwayar magani da ake rabawa gida-gida sau ɗaya a shekara. Suna buƙatar likita da na'ura, suna buƙatar majiyyaci ya koma asibiti sau da yawa, kuma a wannan komawar ce Bahaushen da ke zaune a Garwa, ko Abeshe, ko Zangon Kumasi, ko Malanbil yake fi kowa shan wuya.

Babban binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa mutum huɗu cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 na cikinsu. Hawan jinin ido ya zo na biyu da kusan kashi 17. Alƙaluman sun tsufa, amma duk likitan idon da ke aiki tsakanin Damagaram da Ngaundere zai shaida cewa jerin bai sauya ba.

Abin da ake sakawa a cikin ido

A cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan madubi mai kama da ƙwayar wake a siffa, garau kamar ruwa, yana zaune cikin wata siririyar jaka. Shi ke tattara haske ya aika shi bayan ido. Da shekaru suka ja sai ya fara gauraya, ya yi fari, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazon hunturu. Wannan ita ce yana, wadda takardun asibitin ƙasashen renon Faransa ke rubutawa da sunan cataracte. Babu maganin ɗigawa ko na sha da ke wanke ta, ko da me mai talla a tasha ya rantse. Maganinta tiyata: a cire madubin da ya gauraya, a bar jakar, a zura madubin roba a cikinta.

Wanda ya fara wannan dabara likita ne ɗan Ingila, Harold Ridley, a asibitin St Thomas na Landan a ƙarshen 1949. Ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shiga idanunsu, idon bai yi faɗa da robar ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa wannan likita ya yi aikin soja a Ghana ta lokacin mulkin mallaka, kuma a garin Funsi na arewacin ƙasar ya yi nazarin makantar kogi da aka daɗe ana dogaro da shi. Abokan aikinsa sun yi shekaru suna sukar dabarar tasa kafin ta karɓu.

Ko da ta karɓu, tsada ta hana ta isowa Afirka. Har cikin shekarun 1980 abin da aka saba yi wa talaka shi ne a cire madubin gaba ɗaya a ba shi tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ranar da tabaran ya fashe ko ya ɓace, ya koma makaho. Lamarin ya sauya ne bayan da asibitin Aravind na Indiya ya buɗe masana'antar Aurolab a 1992, gidauniyar Fred Hollows kuma ta kafa nata masana'antun a Asmara da Katmandu a 1994. Madubin da ake sayarwa sama da dalar Amurka 100 ya faɗo ƙasa da dala 10. Daga nan ne gangamin aikin ido kyauta ya yawaita. Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ƙaddamar da ƙawancen yaƙi da makanta a 2008, wanda ya haɗa da Nijar, Kamaru, Chadi da Benin. Gidauniyar Al-Basar ta Saudiyya ta kafa asibitocin ido na Makkah a Sudan da Kano da Nijar. Ƙungiyoyin Turkiyya da na ƙasashen Larabawa su ma sun shigo. Dubban tsofaffi da suka fidda rai sun sake ganin fuskar jikokinsu, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan.

Lissafin da ya sauya a 2021

Shekara da shekaru abin da gwamnatoci da masu ba da agaji ke sanarwa shi ne adadi: an yi wa mutum kaza aiki a kwana kaza. A watan Mayun 2021 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da sabon ma'auni. Ba a tsayawa kan yawan waɗanda aka yi wa aikin, sai an duba nawa ne daga cikin masu buƙata aka yi musu kuma suka fito da gani mai kyau. Ƙasashe sun yi alkawarin ɗaga wannan ma'auni da maki 30 cikin 100 kafin 2030. Tun kafin haka hukumar ta shata layi: aƙalla ido 80 cikin 100 da aka yi wa aiki su fito da gani mai kyau, waɗanda suka fito da mummunan gani kada su wuce biyar.

Binciken da ake yi a gundumomi daban-daban na Afirka ta kudu da Sahara ya sha nuna cewa ana faɗuwa ƙasa da wannan layi, wani lokaci da nisa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Na farkonsu awo. Madubin roba kala-kala ne wajen ƙarfi, kamar yadda tabarau yake, kuma kowane ido da nasa. Kafin aiki ya kamata a auna tsawon ƙwayar idon da lanƙwasar gabanta da na'ura, a fitar da lambar da ta dace. Inda babu na'urar, ko akwai amma layin ya kai mutum ɗari uku, sai a saka wa kowa lamba ɗaya ta tsaka-tsaki. Mafi yawa za su gani fiye da da, wasu kuwa za su fito suna ganin tafin hannunsu sarai amma ba sa gane mai tahowa daga ƙofar gida. Tabarau na iya gyara da yawa daga cikin irin wannan, to amma ana auna shi ne bayan idon ya warke, wajen mako shida, lokacin da tawagar likitocin ta daɗe da naɗe tabarmarta.

Akwai kuma abin da ke faruwa a kan gadon tiyata. Jakar da ake zura madubin a ciki ta fi fatar albasa sirantaka. Tana iya yagewa, musamman idan yanar ta tsufa ta yi tauri, wanda shi ne halin mafi yawan idanun da ke isa asibiti a yankin, domin mutane na jira sai gani ya ɗauke ɗungurungum. Ƙwararren likita da ke da kayan aiki yana iya ceto irin wannan ido. Wanda ba shi da na'urar tsabtace ruwan cikin ido da ya kwararo gaba, sai dai ya yi iya ƙoƙarinsa ya rufe. Madubin da bai zauna daidai ba kan iya gocewa bayan watanni ko shekaru, mutum ya fara ganin abu biyu-biyu.

Kwanaki bakwai na farko

Abin da likitocin ido suka fi tsoro shi ne ƙwayar cuta ta shiga cikin ƙwayar idon. Ba kasafai yake faruwa ba. A asibitocin da ke kiyaye tsabta bai kai ido ɗaya cikin dubu ba. Amma idan ya faru ana lissafi ne da sa'o'i. Alamominsa: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, jan ido, kumburin fatar ido, da ganin da ya buɗe jiya ya sake rufewa yau. Yawanci yana bayyana cikin makon farko ko na biyu. Maganinsa allurar kashe ƙwayoyin cuta da ake yi a cikin ƙwayar idon kanta, wani lokaci har da wata tiyatar, kuma wanda ya yi kwana uku yana jiran ranar kasuwa don ya samu mota ya riga ya makara.

Wani babban bincike da ƙungiyar likitocin yanar ido ta Turai ta fitar a 2007 ya nuna cewa zuba ɗan maganin cefuroxime cikin ido a ƙarshen aikin yana rage wannan haɗari kusan ninki biyar. Asibitocin Aravind sun samu irin wannan sakamako da moxifloxacin a kan dubban ɗaruruwan idanu. Kuɗin maganin bai taka kara ya karya ba. Tambayar da ta kamaci kowace ma'aikatar lafiya kafin ta ba wata tawaga izinin gangami ita ce ko suna yin haka, da kuma yadda suke dafa kayan aiki tsakanin majiyyaci da majiyyaci.

Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa gogewa da gangamin ido, ta ɗanɗana abin da sakaci ke jawowa. A watan Nuwamban 2021, a garin Muzaffarpur na jihar Bihar, an yi wa mutum 65 aiki a rana guda. Cuta ta kama idanu da dama, fiye da mutum goma sai da aka cire musu idon gaba ɗaya. Labarin ya fito ne saboda majiyyatan 'yan yanki ɗaya ne, sun koma wuri ɗaya, 'yan jarida suka gan su. A iyakokin Tafkin Chadi, inda mutum goma da aka yi wa aiki rana ɗaya za su iya watsuwa cikin ƙasashe uku kafin faɗuwar rana, irin wannan na iya faruwa ba wanda ya haɗa lissafin.

A nan matsalar Hausawan ƙetare take. Dattijon da ke Briketeri a Yawunde ko Nima a Akra, idan gani ya fara dushewa, sau da yawa zuciyarsa na karkata ne zuwa Kano, inda yake da 'yan uwa kuma likita zai yi masa bayani da harshensa. Asibitin ido na ECWA yana can tun 1943, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 mai riƙe da sefa yana ganin sauƙin kuɗin aiki. Matsalar tana farawa ne bayan an cire bandeji. Ƙa'ida ita ce a duba idon washegari, a sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu, sannan bayan mako huɗu zuwa shida. Baƙo ba ya iya zaman wata ɗaya da rabi a gidan mutane. Yana komawa gida da kwalbar maganin ɗigawa da takarda cikin Ingilishi, idan ma an ba shi, ya kai wa ma'aikacin lafiyar da Faransanci ya karanta. Wanda aka yi wa aiki a Marwa ko Injamena kuwa, an yi masa bayanin da Faransanci ko Fulatanci ko Larabcin Chadi, ya gyaɗa kai don kunya.

Siyasa ta ƙara dagula hanya. Iyakar Nijar da Najeriya ta yi watanni a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, ta Benin ta fi haka daɗewa. A Sudan, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da yawancin asibitocin yankunan da ake gwabzawa, kuma Hausawan jihar Sinnar da na Gadarif da suka saba zuwa Khartum neman likitan ido sun rasa wannan hanya.

"Yanar ta dawo"

Ƙorafin da aka fi ji daga waɗanda aka yi wa aiki shi ne, bayan shekara biyu ko uku, hazon ya dawo. Yana ba ta dawowa, domin an cire madubin da ke yin ta. Abin da ke faruwa shi ne bangon baya na jakar nan da aka bari yana yin dusu-dusu, saboda ragowar ƙwayoyin halitta da ke yaɗuwa a kansa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na gamuwa da haka cikin 'yan shekaru, yara da matasa sun fi. Madubin zamani mai kaifin gefe yana rage shi, amma bai hana shi gaba ɗaya ba.

Gyaran ba ya buƙatar wuƙa. Majiyyaci na zama gaban wata na'urar leza mai suna YAG, a huda tsakiyar bangon da haske, cikin minti biyar ya tashi, gani ya buɗe a ranar ko washegari. Wata likita 'yar Faransa haifaffiyar Tunisiya, Danièle Aron-Rosa, tana cikin waɗanda suka ƙirƙiro dabarar wajen 1980. Sai dai na'urar na da tsada, tana son wutar lantarki tsayayya da mai gyara, don haka ana samun ta ne a manyan birane. Gangami na zuwa ƙauye da wuƙa da madubi, ba ya dawowa da leza bayan shekara uku. Tsohuwar da ganinta ya sake rufewa ba ta san minti biyar ne tsakaninta da haske ba. Abin da ta sani shi ne aikin asibiti ba ya ɗorewa, kuma haka za ta gaya wa maƙwabciyarta.

Wannan magana tana da mai cin ribarta. Har yanzu masu kwantar da yana na gargajiya suna yawo kasuwa-kasuwa daga Mali zuwa Borno. Suna soka tsinke ko allura a gefen ido su tura madubin da ya gauraya ya faɗa cikin ƙwayar. Haske na shiga nan take, majiyyaci ya ƙirga yatsu, jama'a su yi kabbara, a biya. Binciken Najeriya da aka ambata ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na irin waɗannan idanu makafi ne a lokacin da aka duba su. Mai tsinke yana da abin da asibiti ba shi da shi: yana zuwa har ƙofar gida, yana jin Hausa, yana karɓar akuya ko bashi. Duk idon da asibiti ya yi wa aiki ya bari ba bibiya, talla ce kyauta a gare shi.

Wata alama da ya kamata duk wanda aka yi wa aiki ya sani: idan ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo da yawa suna yawo farat ɗaya, ko wani abu kamar labule yana rufe gefe guda, to shimfiɗar bayan ido ce ke neman ɓallewa. Likitocin da ke iya wannan aikin ƙalilan ne a duk yankin, kuma kwanaki ake da su.

Ɓarawon da ba ya ƙara

Wani dalilin da ke sa aikin yana "ya ƙi" shi ne wata cutar da ke ɓoye a bayanta. Hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira gilakoma, yana cinye jijiyar gani a hankali daga gefe zuwa tsakiya, ba ciwo, ba ja. Sunan Hausar na ruɗarwa, domin ba shi da alaƙa kai tsaye da hawan jinin da ake aunawa a hannu. Ruwan cikin ido ne ke kasa fita yadda ya kamata. Mutanen Afirka ta Yamma sun fi sauran jama'a kamuwa da shi, yana kama su da wuri, yana kuma gudu cikin dangi. A binciken Najeriya, kusan mutum biyar cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama suna da shi, fiye da kashi 90 cikinsu ba su sani ba, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance. Abin da ya cinye ba ya dawowa. Idan aka cire yana daga idon da jijiyarsa ta mutu, madubi mafi tsada a duniya ba zai kawo gani ba, kuma adalci shi ne a gaya wa majiyyaci haka kafin a kwantar da shi.

Maganin da aka saba bayarwa na ɗigawa ne, irin su timolol da latanoprost, kullum har ƙarshen rayuwa. Manomin da ke ƙirga kuɗin taki ba zai jure sayen kwalba kowane wata ba, balle maganin da bai ga yana ƙara masa gani ba. Timolol kuma yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Wani gwaji da aka yi a asibitin KCMC na Moshi a Tanzaniya, aka wallafa a 2021, ya kwatanta timolol da wata lezar da ake kira SLT: bayan shekara ɗaya lezar ta riƙe ruwan ido a kusan kashi 60 cikin 100 na idanu, maganin ɗigawa kuwa kusan kashi 30. Darasin a fili yake ga ƙasashen da majiyyaci ke zuwa sau ɗaya ya ɓace. Wani abin takaici a gefe: magungunan ɗigawa masu sinadarin dexamethasone, waɗanda ake sayarwa a kan tebur a kasuwa don jan ido da ƙaiƙayi, su kansu suna haddasa hawan jinin ido da yana ga wanda ya daɗe yana amfani da su. Irinsu ake ba wanda aka yi wa tiyata na 'yan makonni, kuma akwai masu ci gaba da saye bayan wa'adin ya ƙare saboda suna jin sanyinsu.

Allurar dala 50 da ta dala 2,000

Mai karanta jaridun Faransa zai riƙa cin karo da haruffa huɗu, DMLA, wato tsufan tsakiyar shimfiɗar bayan ido. Mai shi yana ganin gefe amma tsakiya ta ɓace: yana ganin rigar mutum, ba ya ganin fuskarsa, layin rubutu yana karkacewa. Ita ce kan gaba wajen makantar da tsofaffin Turai. Mummunan nau'inta bai yawaita a tsakanin baƙar fata kamar Turawa ba, amma maganinta ya shafi yankin kai tsaye, domin allurar da ake yi mata ita ake yi wa kumburin bayan ido na masu ciwon sukari. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba.

Labarin allurar darasi ne kan yadda ake sa wa magani farashi. A 2005 wani likita a Miami, Philip Rosenfeld, ya gwada ɗigon maganin kansa mai suna Avastin a cikin ido, ya ga yana tsayar da tsiron jijiyoyin jini marasa kyau. A 2006 kamfanin da ke yin sa ya fito da ɗan uwansa da aka tsara don ido, Lucentis, kan kusan dalar Amurka 2,000 kowace allura, alhali rabon ido ɗaya na Avastin bai wuce dala 50 ba. Gwajin da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya nuna a 2011 cewa aikinsu kusan ɗaya ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka Avastin, da sunansa na asali bevacizumab, cikin jerin magungunan da ba a rasa su. Italiya ta ci kamfanonin Roche da Novartis tarar sama da yuro miliyan 180 a 2014 bisa zargin haɗa baki don kare mai tsadar. Faransa ta ci su yuro miliyan 444 a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke tarar a 2023.

Sauƙin Avastin yana tafe da nasa haɗarin. Kwalba ɗaya ake rabawa cikin sirinji da yawa, kuma idan hannun mai rabawar ba shi da tsabta, duk wanda aka yi wa daga wannan kwalba yana cikin hatsari. A watan Satumban 2023 gomman masu ciwon sukari a lardin Punjab na Pakistan sun samu mummunar illa a idanunsu ta wannan hanya, har gwamnati ta dakatar da amfani da shi na wani lokaci. Ga kuma yawan zuwa: allurar ana farawa ne wata-wata, kuma wanda ya yi biyu ya tsaya, ganinsa na komawa inda ya fito. Sababbin magunguna irin su Eylea da Vabysmo suna tsawaita tazarar, amma farashinsu na masu inshorar Turai ne. Na busasshen nau'in cutar, Syfovre, da Amurka ta amince da shi a 2023, hukumar magunguna ta Turai ta ƙi shi a 2024 saboda ba ta gamsu cewa majiyyaci na ganin amfaninsa a zahiri ba.

Takarda guda

Afirka ta kudu da Sahara ba ta kai likitan ido uku ga kowane mutum miliyan ɗaya ba, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Cibiyar IOTA ta Bamako, wadda ke horar da likitocin ƙasashen renon Faransa tun shekarun 1950, da cibiyar Magrabi da aka buɗe kusa da Yawunde a 2017, suna ƙara yawansu, amma ba da saurin da tsofaffi ke ƙaruwa ba. Gangami zai ci gaba da zama dole na shekaru masu zuwa. Abin da ke hannun hukumomi shi ne sharaɗin da suke gindayawa: a auna kowane ido, a auna ruwan ido da sukarin jini kafin aiki, a bar ma'aikacin jinya na gari da aka horar da lambar wayar da za a kira, a kuma dawo bayan mako shida a rubuta sakamakon kowane majiyyaci. Tawagar da ta sanar da adadin aiki ba ta sanar da adadin waɗanda suka gani ba, rabin rahoto ta bayar.

Sarakunan Hausawa na zango-zango da limamai, waɗanda galibi su ake roƙo su yi shelar gangami a masallaci, suna da damar tambayar waɗannan abubuwa kafin su yi shelar, da kuma neman a sa mai fassara a ɗakin sallama. Iyalin majiyyaci kuwa, abin da ya fi musu amfani su fito da shi daga asibiti, bayan maganin, shi ne takarda mai ɗauke da ranar aikin, wane ido ne, sunan madubin da lambar ƙarfinsa, da ko an samu matsala a lokacin tiyata. Kowane madubi yana zuwa da ƴan tambarin manne a cikin kwalinsa masu ɗauke da wannan bayani, kuma lambobin iri ɗaya ne ga likitan da ya yi karatu da Faransanci da wanda ya yi da Ingilishi ko Larabci. Lokacin da kamfanin Oculentis ya janye wasu madubansa daga kasuwa a 2017 saboda suna yin fari a cikin ido bayan shekaru, ta irin wannan rajista asibitocin Turai suka nemo waɗanda aka saka wa.